A Wace Kasuwa Ake Sayar Da Wannan Karatun?

Kwana biyu kun ji ni shiru, ba komai ya jawo ba illa kakar riɗi, domin a nan Gamawa idan riɗi ya shigo kasuwa, mai saye ba ya da lokacin kansa. To yau dai na samu sarari, kuma maganar da ke tafe da ni ta cikin gidanmu ce, amma na tabbata akwai irinta a gidaje da dama na Zango.

Ga waɗanda ba su san ni ba, a Aboabo aka haife ni, ni da ƙanena. Baba mutumin Gamawa ne, goro ya kai shi Kumasi tun yana saurayi. Da na gama sakandare sai ya turo ni gida in riƙa yi masa sayayya, daga nan karatuna ya tsaya. Ƙanena ya biyo ni daga baya, shi kuma Allah Ya ba shi gurbi a jami'a. Likita Baba ya so ya zama, amma layin likitanci ya ƙi, aka tura shi sashen fiziks kamar yadda ake tura yara da yawa. Abin mamaki sai yaro ya kamu da son abin, har ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya. Yanzu ya gama hidimar ƙasa, ya ce shi so yake ya ci gaba har digirin digirgir, a fannin nazarin ƙananan ƙwayoyin da aka gina komai da su. Baba kuwa ya riga ya kama masa rumfa.

Ranar da maganar ta fito, Baba ya kira ni a waya ya ce, “Kai ne babba, kai za ka gaya mini gaskiya. Wannan karatun da yake cewa zai ƙaro, a wace kasuwa ake sayar da shi?” Na ce, “Baba, ku ba ni kwana biyu in bincika.” Gaskiya a lokacin ba ni da amsa. Abin da na samo ne nake so in baje muku a nan, kowa ya taya ni dubawa.

Da farko sai da na zaunar da yaron a gindin dogon yaron ƙofar gida na ce ya yi mini bayani da Hausa, kada in ji Turanci ko ɗaya. Sai ya ɗauki ƙwayar riɗi ya ce, “Yaya, idan ka yi ta raba wannan, ka raba, ka sake rabawa, ina za ka tsaya?” Ya ce za ka kai ga ƙwayar zarra, wadda idan aka jera kamar miliyan 10 nata ba za su wuce tsawon milimita ɗaya ba. Ita ma zarrar ba dunƙulalliya ba ce. Tana da cibiya, kuma da za a buɗa zarra ta kai girman filin ƙwallo, cibiyar ba za ta fi ƙwayar gero a tsakiyar fili ba. A kewayenta akwai elektiron, wanda shi ne ke gudu a wayar lantarki. A cikin cibiyar akwai furoton da niyutiron, su kuma a cikinsu akwai wasu da ake kira kwak. Iri shida ne kwak ɗin, ga kuma dangin elektiron su ma shida. Da 'yan waɗannan aka gina riɗin, da buhun, da ni mai sayensa.

Ya ce masu wannan ilimi kashi biyu ne. Akwai masu gwaji, su ne ke aiki da manyan injuna irin na cibiyar CERN da ke kusa da Jeniba, a kan iyakar Suwizalan da Faransa, inda aka haƙa rami zagayayye mai tsawon kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa ana gwara furoton da furoton don a ga abin da zai fito. Akwai kuma masu nazari da lissafi, waɗanda jarinsu takarda ne da biro da kwamfuta da kuma kai. Su ne ke faɗin abin da ya kamata a gani tun kafin a gani. Misali, a 1964 wani Bature mai suna Peter Higgs, da wasu irinsa, suka lissafa cewa lallai akwai wata ƙwaya da ba a taɓa gani ba. Ba a same ta ba sai ranar 4 ga Yuli, 2012, wato bayan shekara 48, yana ɗan shekara 83, yana zaune a zauren yana share hawaye. A 2013 aka ba shi kyautar Nobel tare da François Englert. Kuma aiki bai ƙare ba, domin duk abin da wannan ilimi ya iya bayyanawa bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke cikin sararin samaniya ba. Sauran har yau ana nema. Wannan ɓangare na biyu, na takarda da biro, shi ƙanena ke so.

To a nan ne na fara ganin abin da ban taɓa tunani ba. Mu a Zango mun ɗauka irin wannan karatu na 'ya'yan masu kuɗi ne. Ashe a cikin dukkan fannonin kimiyya, wannan yana cikin waɗanda ɗan talaka zai iya shiga da ƙaramin jari. Ba ya bukatar ɗakin gwaji na miliyoyi. Sababbin binciken da masana ke fitarwa kullum ana zuba su kyauta a wani rumbu na intanet mai suna arXiv tun 1991, wanda ke Gamawa da wanda ke Landan rana ɗaya suke karantawa, in dai akwai caji da data. Babban abin kuma shi ne, a ƙasashe irin su Jamus da Holan da Suwidin da Suwizalan, mai yin digirin digirgir a wannan fanni galibi ɗaukarsa ake yi kamar ma'aikaci, a biya shi duk wata. Ba shi ke biya ba.

Na ce masa to ta ina ake bi? Ya zana mini hanyar a ƙasa, zango-zango, kamar yadda tsofaffi ke ba mu labarin hanyar Gwanja.

Zangon farko digiri ne mai kyau a fiziks ko lissafi. Wannan akwai shi kusa da mu: ga jami'ar jiha a Gadau nan kusa da Azare, ga ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ga Bayero a Kano, ga Ahmadu Bello a Zariya, ga kuma KNUST a Kumasi ga waɗanda ke can.

Zango na biyu shi ne gadar da ke haɗa digirinmu da na waje. A Abuja akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka, AUST, wadda aka kafa a 2007, tana ba da digiri na biyu da na uku a fiziks na nazari. Akwai cibiyar lissafi ta AIMS, wadda Farfesa Neil Turok ya assasa a Afirka ta Kudu a 2003, ta buɗe rassa a Senegal a 2011, Ghana a 2012, Kamaru a 2013, Ruwanda a 2016. Wanda suka ɗauka, karatu da ɗaki da abinci duk a kansu, na kusan shekara guda. A Kigali kuma akwai cibiyar EAIFR da aka buɗe a 2018. Sannan ga uwa-uba, cibiyar ICTP da ke birnin Tiriyeste na Italiya, wadda tun 1991 take gudanar da difloma ta shekara ɗaya musamman don ɗaliban ƙasashe masu tasowa, ta biya kuɗin jirgi, ta kuma ba da na kashewa duk wata. Ɗaya daga cikin sassan diflomar shi ne ainihin wannan fanni. Daga nan ne ɗalibai ke samun shiga zango na uku, wato digirin digirgir, wasu a makarantar SISSA da ke nan Tiriyeste, wasu a sauran jami'o'in duniya. Duk waɗannan ta intanet ake neman su, mutum da kansa, babu dillali. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai samo wa ɗanka gurbi a can, ka riƙe aljihunka.

Labarin wanda ya kafa ICTP ɗin ma abin ji ne. Sunansa Abdus Salam, an haife shi a 1926 a wani ƙaramin gari mai suna Jhang, a ƙasar da ta zama Pakistan. Kuɗin da ya kai shi Kambirij a 1946 daga wani asusu ya fito da aka ware don 'ya'yan ƙananan manoma. Ya koma gida a 1951 ya koyar, amma ya rasa abokin tattauna ilimi, dole ya sake fita a 1954. Wannan ciwo ne ya sa ya kafa cibiyar a 1964, don kada wani ya sake zaɓa tsakanin ƙasarsa da iliminsa. A 1979 ya samu kyautar Nobel tare da Sheldon Glashow da Steven Weinberg. Ku lura da kyau, kuɗin taron jama'a ne ya yi masa guzuri.

Kada wani ya ce ai wannan sai su. Ɗan Najeriya, Shehu AbdusSalam, ya yi digirin digirgir a Kambirij a wannan fanni, kuma a 2009 sunansa ya fito a kan bincike tare da manyan malamai irin su Ben Allanach da Fernando Quevedo. Kétévi Assamagan ɗan Togo ne, maƙwabtanmu, yana cikin masu aiki da injin CERN, kuma yana cikin waɗanda suka kafa makarantar fiziks ta Afirka da ke zagaya ƙasashe tun 2010. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, a 2012, cikin watan da aka gano ƙwayar Higgs, a KNUST wannan makaranta ta sauka. Masana daga ƙasashe daban-daban suna nan cikin Kumasi na tsawon makonni, mu muna Aboabo, kuɗin mota ɗaya tsakaninmu, amma ban taɓa jin wani babba ya ambaci zancen ba. Kasuwa ta ci a ƙofar gidanmu ba mu sani ba. Idan muka koma baya kuwa, Muhammadu al-Katsinawi ya bar Katsina ya yi gabas, a 1732 ya rubuta littafi a kan lissafin murabba'in lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ashe tafiya mai nisa don lissafi ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Yanzu bari in koma kan tambayar Baba, domin ba tambayar banza ba ce, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ba zan ɓoye muku ba, akwai gaskiya a tsoronsa. Hanyar tana da tsawo: shekara ɗaya ko biyu a gada, uku zuwa biyar a digirin digirgir, bayan nan kuma yawancinsu sai sun yi ta aikin kwantiragi na shekara biyu-biyu ko uku-uku daga wannan ƙasa zuwa waccan. Kujerun dindindin a jami'o'i kaɗan ne, masu nema da yawa. Gurbin ICTP da na AIMS ma gasa ce da yara masu kai daga ƙasashe da yawa, ana iya nema a rasa. Sa'o'insa za su yi aure su haifu yana nan yana fama da allo. Kuma akwai waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Wanda duk ya ce maka babu kasada a ciki, bai gaya maka gaskiya ba.

Amma wace sana'a ce tamu babu kasada? Kakanninmu da suka riƙa ɗaukar kanwa da tufafi su nufi Salaga, wata da watanni suke yi a hanya, ga 'yan fashi, ga koguna, ga cuta, wani ayarin ma ba ya dawowa cikakke. Ba wanda ya ce musu mahaukata. Zangon da aka haife mu a ciki, wannan kasadar ce ta kafa shi. Mu da muka san a sayi riɗi a kaka a ajiye sai ya yi daraja, mu ne za mu kasa gane hajar da ke jinkirin riba?

Ga kuma inda ake sayar da ita. A 1989, a cibiyar CERN ɗin nan, wani ma'aikaci mai suna Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo don masana su riƙa musayar bayanai. Shi ne kuke karanta ni da shi yanzu. A wajen 1930 lissafin Paul Dirac ya nuna akwai wata ƙwaya kishiyar elektiron, aka gano ta a 1932, yau da ita wata na'urar asibiti ke hango cutar daji a jikin mutum. Injin da ake gasa cutar daji da shi ma ɗan'uwan injunan masu gwajin nan ne. Wanda kuma ya gama digirin bai samu kujera a jami'a ba, ba ya zama haka nan, domin irin lissafin da ya iya bankuna da kamfanonin kwamfuta nemansa suke yi. Idan kuma ya dawo gida ya tsaya gaban allo a Gadau ko Bauchi, ɗaruruwan yara ne za su sha daga hannunsa. Wannan ita ce ribar da ni na fi so.

Duk da haka, ni a ganina matsalarmu ba a Tiriyeste take ba, a nan ƙofar gida take. Yaranmu ba a zango na uku suke faɗuwa ba, tun kafin su bar gari ake sauke musu kaya. Ni shaida ne. A ajinmu na sakandare akwai yara biyu da suka fi ƙanena kai a lissafi, ɗaya yanzu yana kan babur, ɗaya tana ɗakin miji tun kafin sakamako ya fito. Ba na raina babur, ba na raina aure, amma babu wanda ya taɓa tambayarsu me suke so. A wurinmu yaro mai ƙoƙari likita ne ko lauya ko injiniya, in ba haka ba ya zo rumfa. Ga 'ya'ya mata kuwa abin ya fi muni, alhali ga Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, wadda ta koma karatu bayan aure da haihuwa, ta zama masaniyar fiziks na sararin sama, har ta samu kyautar ƙasa da ƙasa a 2015.

Sannan akwai ƙananan kuɗaɗen da ba wanda ke biya wa ɗalibi. Waɗancan cibiyoyi za su ɗauki nauyinsa idan ya shiga, amma kafin ya shiga fa? Fasfon Najeriya mai shafi 32 ya koma naira 100,000 tun watan Satumba na 2025. Ga kuɗin karɓo takardar sakamako daga jami'a, ga zirga-zirgar neman wasiƙun shaida daga malamai, ga jarrabawar Turanci da wasu jami'o'in ke nema, ga zuwa Abuja ko Legas neman biza, ga data, ga kwamfutar hannu. Idan aka tara duka ba su kai kuɗin sa ɗaya mai kyau a kasuwar Gamawa ba. Amma a kan wannan ɗan guzurin ne yara ke haƙura. Abu na biyu da ya fi kuɗi tsada shi ne lokaci. Yaron da ke rumfa daga safe har magariba ba zai iya zama ya warware lissafin da zai sa ya yi gogayya da ɗan Indiya da ɗan Masar ba.

Don haka ga shawarata, kuma ba gwamnati nake yi wa ba, mu nake yi wa. Muna da ƙungiyoyin 'yan goro da na 'yan shanu da na 'yan hatsi. Muna zuba adashi, muna haɗa gudummawar biki da ta suna, idan gobara ta ci rumfar wani kafin sati mun tayar da shi. Me zai hana kowace ƙungiya ta ware kwasa ɗaya a shekara ta zama guzurin ɗalibi? A sa malaman makaranta su zaɓo yaro ko yarinyar da ta fi kowa a lissafi, ba ɗan shugaba ba, ba ɗan mai unguwa ba. A biya masa waɗannan ƙananan kuɗaɗe, a rubuta a littafi kamar kowane bashi, idan ya samu ya mayar don na baya. Iyaye kuma su ba shi wa'adi bayyananne, su ɗauke masa rumfa a cikin wa'adin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba a taɓa yin ayarin mutum ɗaya ba.

Na san wani zai ce, yaro ɗaya cikin dubu ne zai iya wannan karatu, me ya sa za mu damu? Haka ne, ba kowa ba ne, ni kaina ba zan iya ba. Amma a ayari ma madugu ɗaya ne, kuma saboda shi ake isa. Al'ummar da ke da mai sayarwa da mai saye kaɗai, ba ta da mai zama ya yi tunani mai nisa, kullum hajar wasu za ta riƙa dillanci.

Daren jiya na kira Baba. Na ce, “Baba, na bincika. Kasuwar tana da nisa, kuma ba a cin ribarta da wuri, amma akwai ta. Ina roƙonku ku ba shi shekara biyu. Aikin da zai yi muku ni zan haɗa da nawa, kuɗin fasfo da sauran takardu kuma daga ribata ta riɗin bana. Idan shekara biyu ta cika ko'ina ba su ɗauke shi ba, ni da kaina zan rako shi rumfa.” Baba ya yi shiru har na ɗauka layi ya yanke. Can sai ya ce, “Kai da na cire daga makaranta, kai ne kake faɗin haka?” Na ce, “Shi ya sa, Baba.” Ya ce to, zai zo gida ƙarshen wata, za mu zauna mu uku.

Ban san abin da zai yanke ba. A farkon shekara ake rufe karɓar takardun Tiriyeste, yaron kuma yana nan cikin ɗaki yanzu haka da fitilar caji, ya cika takardun awon riɗina da lissafi ta baya. Ku taya mu da addu'a. Wanda kuma yake da irin wannan yaro a gidansa, don Allah kafin ya miƙa masa mabuɗin rumfa, ya zaunar da shi ya tambaye shi me yake so.

Sai mun sake haɗuwa. Wassalam.